Kafson "sabunta garkuwar tsofaffi" da ake sayarwa a Sakkwato: shagon ya yi, kwalbar ba ta yi ba

Naira 38,000 ake sayar da kwalba ɗaya, kafso 60 ne a ciki, ana shan biyu a rana. Masu shagon ba sa son mutum ya ɗauki ƙasa da kwalba uku, wai sai an yi wata uku cur ana sha kafin garkuwar jiki ta koma irin ta saurayi. A jikin kwalbar akwai hoton wani dattijon Bature yana sassarfa a bakin teku, a ƙarƙashinsa an rubuta da Turanci cewa kafson na ɗauke da maikro-RNA na tsirrai mai sabunta garkuwar tsofaffi. Kawuna ya kwashi kuɗin fanshonsa ya sayi uku. Shekarunsa 74, yana da ciwon suga da hawan jini.

Ba zan kama sunan shagon ko na kamfanin ba, domin ba su kaɗai ba ne. Daga Mabera zuwa Arkilla irin wannan kwalba na yawo, suna ne kawai da launin murfi suka bambanta. Ni malamin bayoloji ne a makarantar sakandare, kimiyyar sinadaran jiki na karanta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma wannan fanni na ƙananan RNA, wato maikro-RNA ɗin da aka ambata a kwalbar, yana cikin abubuwan da nake bibiya saboda sha'awa tun ina ɗalibi.

Shagon dai, a faɗi gaskiya, yana cikin masu kyau a garin nan. A share yake tas, akwai sola, saboda haka fanka da firji ba sa tsayawa ko an ɗauke wuta, kuma wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wurin da ake ajiye abin sha. An rubuta farashi a jikin kowane kaya. Ana ba da rasit ba sai ka roƙa ba. Yaran shagon suna da ladabi, na ga ɗaya ya fito har bakin titi ya riƙo hannun wata tsohuwa ya hau da ita matakala. Zumarsu mai kyau ce, dabinonsu ba ƙwari, man habbatus sauda ɗinsu a kwalba mai duhu yake kamar yadda ya dace. Da a nan suka tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Amma a saman kanta akwai wani allo babba da aka rubuta tallar kafson, akwai kuma saƙon murya da suke tura wa masu saye ta WhatsApp. Shi ne Kawu ya kunna mini lokacin da na tambaye shi dalilin wannan kashe kuɗi. Ya ce: "Kai ɗana, wanga ba irin na masu talla cikin mota ba na. Masanan Amurka sunka gano shi, har kyauta anka ba su."

Maganar kyautar gaskiya ce, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai, domin an ɗauko aiki na ƙwarai an jingina masa abin da bai ce ba. A watan Oktoba na 2024 an ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano maikro-RNA. Ba a jikin mutum suka fara ganinsa ba, a jikin wata 'yar tsutsa ce mai tsawon milimita ɗaya, a shekarar 1993. Shekaru bakwai ana ɗaukar abin a matsayin wani baƙon hali na tsutsa kawai, sai a 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, mai suna let-7, aka kuma tarar yana jikin ƙuda da kifi da mutum. Yau an san ɗan Adam na da ire-irensu fiye da 1,000. Babu inda waɗannan mutane biyu suka haɗa maganin tsufa, balle su zuba shi a kafso.

Ga yadda abin yake aiki. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu DNA iri ɗaya take ɗauke da shi, wato kundin umarnin da muka gada daga iyaye. Abin da ya sa ta hanta ta bambanta da wadda ke yawo cikin jini tana farautar cuta shi ne wane sashe na DNA ake karantawa, da yawan furotin da ake ƙerawa daga sashen. Tsakanin DNA da furotin akwai wani dogon RNA da ke kai saƙo. Shi kuwa maikro-RNA gajere ne ƙwarai, harufa 22 ko kusa da haka, kuma ba ya zama furotin. Aikinsa ya je ya manne wa mai kai saƙon, sai a lalata saƙon ko a rage yawan furotin da za a yi da shi. Guda ɗaya na iya taɓa ɗaruruwan saƙonni. Wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Kwalkwalawa da rani ya ga mai ban-ruwa da fartanyarsa: ba shi ya kawo ruwan ba, ba shi ya halicci albasar ba, amma shi ke tura 'yar ƙasa ya rage bakin wannan fangali, ya buɗe na gaba. Ruwa ya yi yawa albasa ta ruɓe, ya yi kaɗan ta ƙone. Aikin maikro-RNA ke nan a cikin ƙwayar halitta, kuma ita ƙwayar ce ke ƙera nata da kanta, gwargwadon buƙatarta a wannan lokaci.

Duk fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki, daga ɓargo suke fitowa. A can akwai uwayen ƙwayoyi da ke haifar da zuriya biyu. Zuriya ta farko su ne masu saurin kai ɗauki, su haɗiye ƙwayar cuta su tayar da kumburi. Ta biyu su ne ƙwayoyin B da na T, masu koyon kamannin cuta su riƙe a ƙwaƙwalwa, waɗanda allurar rigakafi ta dogara da su. Ƙwayoyin T ba sa gama girma a ɓargo, sai sun wuce wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, ana ce mata taimus. A nan ake tantance su: wadda ba ta iya gane komai ba ta mutu, wadda ta yi zafin da za ta afka wa jikin mai ita ma ta mutu. Har zuwa 1961 likitoci ba su san amfanin wannan gaɓa ba, sai da Jacques Miller ya cire ta daga jariran ɓeraye ya ga garkuwarsu ta rushe.

A kowane mataki na wannan tafiya akwai hannun maikro-RNA. An gwada a ɓeraye: idan aka hana ƙwayoyin T masu tasowa sinadarin Dicer, wanda shi ke yanka maikro-RNA ya gyara shi, yawansu a taimus faɗuwa yake yi warwas. Idan ƙwayoyin B aka hana, girmansu na tsayawa tun a farkon hanya.

To me tsufa ke yi? Taimus tana fara ƙanƙancewa tun ƙuruciya, kitse na maye gurbinta a hankali, ta yadda mai shekara 70 sabbin ƙwayoyin T kaɗan ne ƙwarai yake samu, da tsofaffin yake lallaɓawa. Uwayen ƙwayoyi na ɓargo su ma suna karkata, su riƙa haifar da zuriyar farko fiye da ta biyu. Sai jiki ya zauna cikin wani ɗan kumburi na ƙasa-ƙasa da ba ya ƙarewa, abin da masanin Italiya Claudio Franceschi ya ja hankalin duniya a kai a shekarar 2000. Shi ya sa mura ke kwantar da tsoho ta bar jikansa yana wasa. Shi ya sa rigakafi bai cika kama tsofaffi kamar yadda yake kama matasa ba, kuma ƙwayar ƙarambau da mutum ya yi tun yana yaro takan farka bayan shekara hamsin ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki.

Akwai maikro-RNA guda ɗaya da labarinsa ya fi burge ni, miR-181a. A 2007 masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa shi ke daidaita kaifin jin ƙwayar T. Yana da yawa a ƙwayoyin da ke cikin taimus, inda ake buƙatar su ji ko da ɗan motsi ne, sai ya ragu idan sun girma sun fita. A 2012 kuma ɗakin binciken Jörg Goronzy, shi ma a Stanford, ya auna jinin mutane ya ga cewa miR-181a yana ƙara raguwa da shekaru a cikin ƙwayoyin T da ba su taɓa haɗuwa da cuta ba. Da ya ragu, sai wani furotin mai suna DUSP6, wanda shi yake dannewa, ya yi yawa, shi kuma DUSP6 aikinsa kashe saƙon da ke tayar da ƙwayar. Sakamakon haka ƙwayar T ta tsoho tana nan da ranta, cuta ta zo ta taɓa ta, amma sai an taɓa da ƙarfi kafin ta amsa. Da suka rage DUSP6 a cikin ƙwayoyin tsofaffi a kwanon gwaji, amsawarsu ta gyaru. A kwanon gwaji fa, ba a jikin mutum ba. Duk lokacin da na koyar da wannan sai na ga ajin ya yi tsit, domin kowane yaro yana da kaka a gida.

Wani zai ce to ai shi ke nan, a ƙara wa tsoho maikro-RNA. A nan ne tallar ta karye. Akwai miR-146a, wanda ɗakin binciken David Baltimore a Caltech ya nuna birki ne ga kumburi. Ɓerayen da aka haifa ba su da shi lafiya lau suke tasowa, sai sun fara manyanta saifarsu ta kumbura, ɓargonsu ya riƙa zubo zuriyar farko ba ƙaƙƙautawa, uwayen ƙwayoyin su gaji, wasu su kamu da sankarar jini. Akwai kuma miR-155 mai yin kishiyar wannan, shi ingiza wutar yake yi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Utah suka nuna cewa idan aka cire miR-155 daga waɗancan ɓeraye marasa birki, yawancin ɓarnar ba ta faruwa. Amma kada a ce miR-155 mugu ne: tun 2007 an ga ɓeran da ba shi da shi ko an yi masa rigakafi ba ya samun kariya. Wani yana buƙatar ƙari, wani ragi, wani kuma ƙari a wannan ƙwaya da ragi a waccan. To wanne ne a cikin kwalbar Kawu?

Na juya kwalbar gaba da baya, babu sunan maikro-RNA ko ɗaya, babu adadi. Abin da aka lissafa a baya da ƙananan haruffa: garin zogale, gangamau, citta, habbatus sauda. Na buɗe kafso ɗaya a tafin hannuna, kore ne, ƙamshin zogale da ɗan yajin citta. Ba ƙarya suka yi ba da suka ce akwai maikro-RNA na tsirrai a ciki, domin kowane ganye yana da nasa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ake sayarwa a bakin Tsohuwar Kasuwa ma yana da shi, ya ma fi yawa tunda ya fi kafso biyu auki nesa ba kusa ba. Sai dai na tsiro an yi shi ne don saƙonnin tsiro.

Tunanin cewa maikro-RNA na abinci na iya shiga jini ya yi aiki yana da asali. A ƙarshen 2011 masu bincike a Jami'ar Nanjing ta ƙasar Sin suka wallafa cewa sun ga wani na shinkafa, miR168a, a jinin mutane da ɓeraye, har yana taɓa wani furotin a hanta. Labarin ya zaga duniya. Amma a 2013 wasu ɗakunan bincike suka maimaita gwajin, suka ciyar da ɓeraye da birai da mutane, abin da suka samu a jini ko dai babu, ko kuma ɗan mitsitsin da bai isa ya motsa komai ba. Ko waɗanda har yau suke kare wancan bincike ba su ce ya dawo da taimus ɗin tsoho ba.

Dubi kuma wahalar da masu haɗa magani na gaskiya suke sha. Maganin farko na dangin ƙananan RNA da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, patisiran, a 2018 ne, kuma na wata cutar gado ce mai lalata jijiyoyi. Ba haɗiya ake yi ba. Sai an naɗe RNA ɗin cikin ƙananan ƙwayoyin maiƙo, a saka ta jijiya kamar ƙarin ruwa duk bayan mako uku, don ya isa hanta bai lalace ba. Shi kuwa wanda aka ƙera ya kwaikwayi maikro-RNA kai tsaye, MRX34, da aka gwada a kan masu ciwon daji, dole aka tsayar da gwajin a 2016, bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta harzuƙa, mutum huɗu suka rasu. Wannan ya isa ya nuna cewa da a ce kafson yana yin abin da aka ce yana yi, ba abin da za a miƙa wa tsoho a kan kanta ba ne ba tare da likita ba.

Akwai lambar NAFDAC a jikin kwalbar, yaron shagon ma ita ya fara nuna mini. Lambar ta ƙare da harafin L. Irin wannan lamba ana ba kayan tsirrai da na gargajiya ne bayan an duba ba su da guba, ba shaida ba ce cewa suna warkarwa. A ƙasanta ma an rubuta, da haruffan da Kawu ba zai iya gani ba ko da tabarau, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Duk mai sayen irin waɗannan kaya ya nemi wannan layi ya karanta, ko ya ba wani ya karanta masa.

Da asarar kuɗi ce kawai, da na yi haƙuri. Kawu ya ce a makonnin farko ya ji ƙarfi, kuma ban ƙaryata shi ba, domin saboda kafson ya fara karyawa a kan lokaci, ga kuma kwanciyar rai ta wanda ya yarda ya samu magani. Amma ɗaya daga cikin yaran shagon ya gaya masa cewa idan garkuwa ta dawo, zai iya rage maganin asibiti. Sai ya koma shan ƙwayar sugarsa rana ɗaya ya tsallake ɗaya. Inna ce ta lura wani ɗan ciwo da ya ji a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ga yawan fitsarin dare ya dawo. Da muka auna, sugan ya hau sosai. Suga mai yawa a jini kuwa yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna raunana fararen ƙwayoyin jini, su kasa isa wurin ciwo da wuri, su kasa kashe ƙwayar cuta. Wato shawarar da ta biyo kwalbar garkuwar tasa ta ƙara durƙusarwa. Alhamdu lillahi an wanke ciwon a asibiti, ya koma kan maganinsa, yatsan ya warke.

Na koma shagon na nemi ganin mai shi. Dattijo ne mai fara'a, ya sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya ce: "Malam, ni ba likita ba na. Abin da kamfani yac ce shi nika faɗi. Amma zancen barin maganin asibiti, wallahi ban sa kowa ya faɗi ba." A gabana ya kira yaron ya yi masa faɗa. Ya karɓi kwalba biyun da ba a buɗe ba ya mayar da kuɗinsu cif, ba ja-in-ja. Wannan hali ne na kirki, kuma ba kowane ɗan kasuwa zai yi ba. Na ce masa: "Alhaji, ka yi adalci, Allah Ya saka. Saura allon can." Ya yi murmushi ya ce zai duba. Da na wuce ta wurin daga baya, allon na nan inda yake.

Mutane kan tambaye ni, to idan wannan bai yi ba, me zai yi? Babu wani abin haɗiya da aka tabbatar yana mayar da taimus ƙuruciya. Amma akwai abin da ke da hujja. A 2018 masu bincike na Jami'ar Birmingham da King's College ta Landan suka auna jinin mutum 125 masu shekara 55 zuwa 79 da suka daɗe suna tuƙa keke mai nisa, suka tarar taimus ɗinsu na fitar da sabbin ƙwayoyin T kusan kamar na matasa, saɓanin tsaransu masu zaman wuri ɗaya. Binciken bai tabbatar keken kaɗai ne sanadi ba, amma ya dace da abin da aka daɗe ana gani game da motsa jiki. Tsohon da zai iya takawa zuwa masallaci da ƙafa, a bar shi ya taka, kada a ce don girmamawa sai an ɗauke shi a babur. A kula da suga da hawan jini. A ba shi abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, nono, domin tsofaffinmu da yawa fura da tuwo kawai suke iya ci saboda haƙori, jiki kuwa ba ya ƙera ƙwayoyin garkuwa ba furotin. Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma mai ciwon suga yana cikin waɗanda suka fi haɗarin kamuwa. Zogalen ma a ci, a miya ko a kwaɗo, abinci ne mai kyau a kan farashinsa na abinci.

Da naira 76,000 da aka mayar wa Kawu mun sayi na'urar awon suga da tsinkayenta, da ta awon hawan jini, ragowar Inna ta riƙe na ƙwai da kifi.

Zan ci gaba da sayen zuma da dabino a shagon, kuma wanda ya tambaye ni inda zai samu masu kyau zan kwatanta masa. Kafson kuwa kada kowa ya saya wa mahaifinsa, ko an rage kuɗin zuwa rabi. Abin da nake roƙon Alhaji bai da yawa: ya hana yaransa yin magana a kan maganin asibiti, ya daina tura saƙon muryar nan mai jingina kaya ga kyautar Nobel, ya sauke allon. Ranar da ya sauke, zan dawo nan in rubuta cewa ya sauke.